Nazari: Ƙwayoyin sauya hayyaci sun fara shiga asibitocin duniya, ina Adamawa ta tsaya?

Yola — Duk matafiyin da ya taso daga Mubi ko Michika ya nufi Yola, sai ya ratsa Vinikilang kafin ya hau gadar kogin Binuwai ya gangara Jimeta. Ta wannan hanya ce dubban iyalai suka kwararo a ƙarshen shekarar 2014, bayan Madagali da Michika sun faɗa hannun Boko Haram, Mubi kuma ta bi bayansu a ƙarshen watan Oktoba. An kai wasu sansanonin Damare da Malkohi, amma mafi yawansu a gidajen 'yan uwa da na bayin Allah suka sauka, a unguwanni irin su Vinikilang da ke ƙaramar hukumar Girei.

Ko a nan ɗin ma tashin hankalin bai ƙyale su ba. A cikin 2015 kaɗai, bam ya tashi a babbar kasuwar Jimeta a watan Yuni, ya tashi a sansanin Malkohi a Satumba, ya tashi a masallacin Juma'a na Jambutu a Oktoba, sannan wani ya hallaka mutum sama da 30 a Jimeta a watan Nuwamba.

Raunukan jiki sun daɗe da warkewa, da yawa kuma sun koma garuruwansu. Abin da ba ya tafiya da sauri shi ne na zuci: rashin barci, munanan mafarkai, zabura da an ji ƙara, da ganin abin da ya faru yana dawowa kamar yanzu yake aukuwa. Likitocin ƙwaƙwalwa na kiran wannan ciwon firgicin bayan tashin hankali. Shi da ciwon tsananin damuwa wanda ya ƙi jin magani su ne cututtuka biyu da a yau wasu ƙasashe suka fara yi wa magani da ƙwayoyin da duniya ta haramta shekaru da dama. Wannan ne ya sa muhawarar, duk da cewa a Amurka da Turai da Ostireliya ake yin ta, ta shafi mazauna gaɓar Binuwai.

Daga ɗakin gwaji zuwa haramci

Ƙwayoyin da ake magana a kansu su ne waɗanda Turawa ke kira saikadelik, wato masu jirkita gani da ji da tunanin mutum na wasu sa'o'i. Fitattu a cikinsu su ne LSD, da silosaibin da ake samu a wani nau'in laimar kwaɗi. Akan haɗa su rukuni ɗaya da MDMA, da ketamin, da ibogen, kodayake kowanne da hanyar da yake bi a cikin ƙwaƙwalwa.

Masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Siwizalan, Albert Hofmann, shi ne ya haɗa LSD a 1938, ya kuma gano tasirinsa a kan hankali a watan Afrilun 1943. A shekarun 1950 da farkon na 1960, likitoci a Amurka da Kanada da Ingila sun gwada shi a kan masu shan giya fiye da kima da masu fama da damuwa. Da ƙwayar ta fita daga asibiti ta shiga hannun matasa, sai hukumomi suka juya mata baya. Amurka ta sanya ta a sahun haramtattun ƙwayoyi mafi tsanani a dokarta ta 1970, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta bi sahu da yarjejeniyar 1971, wadda Najeriya ke cikin ƙasashen da suka shige ta. Bincike ya kusa tsayawa cak har tsawon wajen shekara talatin.

Abin da ya dawo da shi shi ne gazawar magungunan da ake da su. Ƙwayoyin damuwa na yau da kullum sukan ɗauki makonni kafin su fara aiki, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na marasa lafiya ba sa samun sauƙi ko an sauya musu magani sau da dama. Daga farkon shekarun 2000, jami'o'i irin su Johns Hopkins a Amurka da Imperial College a Landan suka sake buɗe wannan babi.

A ranar 1 ga Yulin 2023, Ostireliya ta zama ƙasa ta farko da ta bai wa zaɓaɓɓun likitocin ƙwaƙwalwa damar rubuta MDMA ga masu ciwon firgici, da silosaibin ga masu damuwar da ta ƙi jin magani. A Amurka, masu zaɓe a jihar Oregon sun amince da buɗe cibiyoyin silosaibin masu lasisi a 2020, jihar Colorado ta bi baya a 2022.

Abin da bincike ya nuna

Alƙaluman da suka ja hankalin duniya ba ƙanana ba ne. Wani gwaji da mujallar Nature Medicine ta wallafa a 2021, wanda aka yi a kan mutum 90 masu tsananin ciwon firgici, ya nuna kashi 67 cikin ɗari na waɗanda aka bai wa MDMA tare da zaman tattaunawa da ƙwararru sun fita daga sahun masu ciwon, yayin da kashi 32 ne kawai suka fita a cikin waɗanda suka yi zaman tattaunawar da ƙwayar da babu sinadari a cikinta. Masana na ganin MDMA na rage ƙarfin tsoro na ɗan lokaci, ta yadda majinyaci zai iya waiwayar abin da ya faru ya yi magana a kansa ba tare da firgici ya rufe shi ba.

Wani gwajin na silosaibin da aka wallafa a 2022, a kan mutum 233, ya nuna kusan kashi 29 cikin ɗari na waɗanda suka sha miligiram 25 sau ɗaya sun rabu da alamomin damuwa bayan mako uku, idan aka kwatanta da kashi 8 na waɗanda aka bai wa miligiram ɗaya. Sai dai tazarar ta ragu da aka kai mako na goma sha biyu, kuma an samu waɗanda tunanin cutar da kansu ya taso musu.

Daga nan ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta taka birki. A watan Yunin 2024, kwamitin masu ba ta shawara ya kaɗa ƙuri'a tara da biyu cewa ba a tabbatar MDMA na aiki ba, goma da ɗaya kuma cewa amfaninsa bai rinjayi haɗarinsa ba. A watan Agusta hukumar ta ƙi amincewa da maganin, ta nemi a sake gwaji. Babbar matsalar ita ce, ƙa'idar gwajin magani ta tanadi kada majinyaci ya san ko ainihin ƙwayar aka ba shi ko ta bogi, alhali wanda ya sha irin waɗannan ƙwayoyi ba ya buƙatar a gaya masa. Don haka da wuya a rarrabe aikin sinadari da aikin sa rai. An kuma taso da batun cin zarafin wata majinyaciya a wani gwaji na baya, abin da ya nuna irin rashin kariyar da mutum ke ciki sa'ad da ba ya cikin hayyacinsa.

Akwai wani abu da labaran da ke yawo a kafafen sada zumunta ba su cika faɗa ba. A gwajin MDMA, kowane zaman shan magani na ɗaukar wajen sa'a takwas, ƙwararru biyu na zaune tare da majinyaci ɗaya, ana yin haka sau uku, ban da zaman shiri da na bita da suka kai goma sha biyu. Kafin a karɓi mutum sai an tantance zuciyarsa, an kuma cire masu tarihin wasu nau'o'in taɓin hankali, domin ƙwayoyin na iya tayar da ciwon da ke kwance. Sakamakon da ake yabawa na wannan tsari ne baki ɗayansa, ƙwayar kuwa ɓangare ɗaya ce a cikinsa.

Wadda ta riga ta iso: ketamin

Ɗaya daga cikin waɗannan magunguna ta daɗe a asibitocin Najeriya, manya da ƙanana, har da na Adamawa. Duk macen da aka yi wa aikin cire jariri a wani ƙaramin asibiti, ko yaron da aka ɗinke wa rauni yana barci, akwai yiwuwar ketamin aka yi masa allura. An haɗa ta a Amurka a 1962, an amince da ita a matsayin allurar barcin tiyata a 1970, tana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1985. Darajarta a ƙasashe irin Najeriya ita ce ba ta danne numfashi da bugun jini kamar sauran, ana iya amfani da ita inda babu tsayayyen lantarki ko injin numfashi, kuma tana da araha.

A shekarar 2000, masu bincike a jami'ar Yale suka ba da rahoton cewa ɗan ƙaramin adadi na ketamin, ƙasa da na tiyata, na rage tsananin damuwa cikin sa'o'i. A watan Maris na 2019, FDA ta amince da wani nau'inta da ake fesawa a hanci mai suna Spravato, bisa sharaɗin a yi amfani da shi a cikin asibiti, a kuma sa wa majinyaci ido na aƙalla sa'a biyu. Sauƙin da take kawowa kan gushe bayan kwanaki ko makonni, sai an riƙa maimaitawa. Yawan amfani da ita ba bisa ƙa'ida ba na jawo jaraba, yana kuma lalata mafitsara. Mutuwar ɗan wasan kwaikwayon nan Matthew Perry a watan Oktoban 2023, wadda ta kai ga gurfanar da mutum biyar ciki har da likitoci biyu, ta nuna abin da kan faru idan magani ya zama haja.

A nan ne haɗarin da ya fi kusa da Adamawa yake. A 2015, ƙasar Sin, wadda ke fama da masu shan ketamin don maye, ta nemi hukumar kula da miyagun ƙwayoyi ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Biyana ta sanya ta cikin jerin magungunan da ake tsananta wa a duniya. Kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyoyin likitocin tiyata suka ƙi, suna kafa hujja da cewa hakan zai hana miliyoyin talakawa samun aikin tiyata, kamar yadda tsauraran dokoki suka sa mofin ya yi ƙaranci a asibitocin Afirka. Aka jingine batun. Idan ketamin ta bi sawun tiramadol da kodin zuwa tashoshin mota da lungunan unguwa, kiran a tsananta mata zai dawo, kuma wadda za ta fara jin raɗaɗin haka ita ce mai naƙuda a Song ko Maiha.

Saiwar da ke ƙetaren iyaka

Magani na biyu da ya shafi wannan yanki daga maƙwabta yake fitowa. Iboga wani ɗan itace ne da ke tsirowa a kurmin Gabon da kudancin Kamaru da Kongo, ba a irin dajin Binuwai ba. Mabiya al'adar Bwiti sun daɗe suna cin ɓawon saiwarsa a bukin shigar da mutum cikin manya. Masanan Faransa sun ware sinadarin ibogen daga cikinsa a 1901. A 1962, wani matashi Ba'amurke mai shan hodar heroyin, Howard Lotsof, ya ce bayan ya sha ibogen sha'awar hodar ta ɗauke masa, ya kuma ƙarar da rayuwarsa yana fafutukar a yi bincike a kai.

Yanzu fafutukar ta kai ga baitulmalin gwamnati. A watan Janairun 2024, masu bincike na jami'ar Stanford sun wallafa sakamakon tsofaffin sojojin Amurka 30 da suka sha ibogen a wata cibiya a Meziko, inda aka ga raguwar firgici da damuwa sosai, kodayake babu rukunin da aka kwatanta su da shi. A watan Yunin 2025, jihar Texas ta ware dala miliyan 50 don gwajin maganin.

Ga yankin da tiramadol ya yi wa katutu, jin cewa akwai saiwar da ke yanke jarabar ƙwaya abu ne mai jan rai. Amma ibogen na rikita bugun zuciya. Wani nazari na 2012 ya tattara mutuwar mutum 19 da ke da alaƙa da shi tsakanin 1990 da 2008, yawancinsu masu ciwon zuciya ko waɗanda suka haɗa shi da wasu ƙwayoyi. Cibiyoyin da ke kula da ƙa'ida ba sa bayar da shi sai da na'urar auna bugun zuciya a maƙale da majinyaci. Ga kuma batun mallaka: Gabon ta ayyana iboga a matsayin dukiyar ƙasa a 2000, ta kuma taƙaita fitar da shi a 2019 saboda yadda masu safara ke ƙarar da shi a daji. Tambayar ko wane ne zai ci ribar tsiron Afirka idan ya zama maganin kamfani tana nan ba a amsa ta ba.

Darasin zaƙami da kodin

Arewacin Najeriya ba baƙo ba ne ga tsiron da ke gusar da hankali. Zaƙami, wanda ake yi wa laƙabi da haukata-yaro, na tsirowa a juji da bayan gari ba tare da kowa ya shuka shi ba. Masu maganin gargajiya sun san shi, matasa kuma kan jefa 'ya'yansa cikin abin sha a wajen biki. Sinadaransa, atiropin da sikopolamin, ba irin na silosaibin ba ne: suna kawo ruɗewa, da bushewar baki, da zazzaɓi, da gudun zuciya, tazarar da ke tsakanin abin da zai bugar da abin da zai kashe kuma ƙanƙanuwa ce. Duk wanda ya ji an ce Turawa na warkar da damuwa da tsiro mai sa maye, ya ɗauka zaƙami ma haka ne, ya jefa kansa cikin halaka.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya a shekarar da ta gabaci binciken. Miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramadol suka sha ba da izinin likita ba, miliyan 2.4 kuma maganin tari. A Arewa maso Gabas adadin ya kai kashi 13.6 cikin ɗari. Dukkan waɗannan magungunan asibiti ne da suka tsere wa kulawa. Sai a watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan ɓarnar ta riga ta yi nisa. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma ma gudu yake yi, don haka ba abin mamaki ba ne idan hukumar NDLEA, wadda Birgediya Janar Mohammed Buba Marwa mai ritaya, ɗan asalin Michika, ya karɓi ragamarta a Janairun 2021, ta kalli wannan sabon salo da idon zargi.

Inda giɓin yake

Idan aka ɗora tsarin Ostireliya a kan halin da ake ciki a nan, lissafin ba ya fita. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha bayyana cewa mambobinta da ke aiki a cikin ƙasa ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, wasunsu kuma na ci gaba da ficewa waje. Asibitin tarayya na musamman mafi kusa da Yola shi ne na Maiduguri, tafiyar kusan kilomita 400. Maganin da ke cinye yinin ƙwararru biyu a kan mutum ɗaya ba zai isa ga bazawarar da ke sayar da ƙosai a Vinikilang ba, ko da an halatta shi gobe.

Mafi yawan iyalai a nan, Musulmi da Kirista, wurin malami ko fasto ko mai maganin gargajiya suke fara kai mara lafiya. Duk wani magani mai gusar da hankali sai ya fuskanci tambayar halacci. Malaman fiƙihu sun daɗe da yarda da allurar barcin tiyata bisa lalura, amma ko za a faɗaɗa wannan hukunci zuwa ƙwayar da jirkita hankali shi ne ainihin aikinta, magana ce da ta kamata malamai da likitoci su zauna a kanta tun kafin wani ya buɗe shago.

Najeriya na da nata tarihin da za ta dogara da shi. A 1954, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda majinyata ke zama a gidajen jama'a tare da danginsu suna karɓar magani, har ma da haɗin gwiwar masu maganin gargajiya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu, wadda aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya da asusun kula da wannan fanni, ta kuma kare haƙƙin majinyaci na a nemi yardarsa kafin a yi masa magani. Shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane ciwon damuwa da firgici su kuma ba da maganin farko an riga an gwada shi a Borno. Waɗannan hanyoyi ba su da armashin labarin sabuwar ƙwaya, amma an tabbatar da amfaninsu, kuma kuɗinsu kaɗan ne.

Masu tsara manufofi na da ayyuka bayyanannu a gabansu. Hukumar NAFDAC da majalisun da ke kula da likitoci da masu haɗa magunguna na buƙatar fitar da ƙa'ida kan wanda zai iya amfani da ketamin don ciwon damuwa, da kuma inda za a yi hakan, tare da bin sawun kowace kwalba ba tare da an toshe wa ɗakunan tiyata hanya ba. Duk wani gwaji na sauran ƙwayoyin ya kamata ya tsaya a asibitocin koyarwa, irin na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, ƙarƙashin kwamitin ɗa'a, musamman ganin cewa waɗanda suka tsira daga rikici su ne mafi sauƙin a yaudara da alƙawarin waraka. Jihohi kuma su ɗauki ma'aikatan jinya da masu ba da shawara, su horar da su, su ajiye su a asibitocin matakin farko.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai yiwuwa ne nan da wasu shekaru ɗaya daga cikin waɗannan magunguna ya tsallake dukkan gwaje-gwaje ya samu amincewar duniya. Ranar da hakan ta faru, jihar da ta riga ta tanadi ma'aikatan da za su tantance majinyaci, su zauna da shi, su kuma bibiye shi bayan ya koma gida, ita ce za ta amfana. Ma'aikatan nan kuwa su ne waɗanda masu kwana ido biyu a Vinikilang da Damare da Malkohi ke jira tun 2014.